Fok ɗin da aka canza: a faɗa wa mai saye ko a yi shiru?

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, tsofaffin kekuna suka fara fitowa daga zaure da bayan rumbu. A nan Gubi kowa shaida ne. Masu lambu a bakin dam da masu zirga-zirga zuwa Muda Lawal da yawansu sun jingine babur sun koma wa feda. Keken da yara ke wasa da shi jiya, yau ana tayinsa da kuɗi mai kauri, musamman in Raleigh ne mai tambarin zalɓe.

To a nan wata mas'ala ta taso mana mu 'yan kasuwa. Mutum yana da tsohon Raleigh, ya faɗa rami da kaya, fok ya lanƙwashe, wato ƙafafun nan biyu masu riƙe da tayar gaba. Ya kai wa mai gyara aka sa wani, aka bi da fenti. Yanzu zai sayar. Dole ne ya faɗa?

Masu cewa ba dole ba ne suna da hujja, kada mu raina ta. Suka ce ai ba wanda ke lissafa wa mai saye sau nawa ya canza taya ko sarƙa ko sirdi. Kuma sabon fok ya fi lanƙwasasshe lafiya, don me gyara zai zama abin rage kuɗi? Wani ma ya ƙara da cewa keken mahaifinsa an canza masa kusan komai cikin shekara arba'in, amma har gobe "keken Baba" ake ce masa a gida. Gaskiya ne. Sai dai a gida suna ake riƙewa saboda ƙauna, a kasuwa kuwa mai saye ƙarfe yake biya, kuma a kan ƙarfen nan zai ɗora wuyansa.

Fok daban yake da taya. Taya cinyewa take yi da tafiya, kowa ya sani. Fok kuwa ba kasafai yake lalacewa haka kawai ba, galibi sai an yi karo. Dukan da ya lanƙwasa shi sau da yawa yakan taɓa jikin keken, a ga fenti ya tsage ko ƙarfe ya ɗan tattare a ƙarƙashin bututun da ke bayan wuya. Ke nan sabon fok labari yake rufewa. Ga wani abu kuma da tsofaffin masu gyara suka sani: Raleigh na Nottingham ta Ingila zaren wuyansa 26 ne a kowane inci, yawancin sauran kekuna 24. In aka matsa notin wannan a kan zaren wancan da ƙarfin sifana, zai kama yau, bayan 'yan watanni kan keken ya fara girgiza. Masana'antar Nottingham ɗin ma ta daina ƙera keke tun 2002, don haka fok na asali sai dai a ciro daga wani tsohon. Wanda ya ce "Raleigh ne ɗan asali" alhali kafaɗar fok ɗin babu 'yan maɓallan nan masu ƙyalli, ya karɓi kuɗin abin da bai bayar ba.

Mun karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid cewa ɓoye aibi a ciniki bai halatta ba, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. A Sahihu Muslim akwai labarin Manzon Allah (SAW) da ya cusa hannu cikin tsibin hatsi a kasuwa ya ji danshi. Mai hatsin ba shi ya jiƙa shi ba, ruwan sama ne. Duk da haka aka tsawata masa don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama ba. Ramin hanya ba laifin mai keke ba ne, shirunsa ne abin tambaya. Ma'aunin da muke gani shi ne: duk abin da in mai saye ya ji zai rage tayi ko ya fasa, to faɗarsa wajibi ne, ko bai tambaya ba.

Wanda ya fi muni shi ne fok ɗin da aka gasa da wuta aka miƙar, aka lulluɓe da baƙin fenti. Irin wannan yana iya karyewa ba sallama. Tayar gaba ce za ta tafi, mutum ya kifa da fuska a kan titin Ningi, tirela na biye da shi. Mai gyaran da aka ce masa "shafe wurin kada a gane" ya shafe, shi ma yana da kasonsa, kuɗin fentin nan ba su kai ba.

Eh, faɗar gaskiya za ta rage wani abu daga kuɗin, ba ma musu. Shawararmu ga mai sayarwa ita ce ya ajiye tsohon fok ɗin, kada ya ba 'yan gwangwan. Ranar ciniki ya ɗauko shi ya ce: "Malam, ga wanda na cire, ga inda ya lanƙwashe, wane ne ya sa sabon." Mai saye kuma ya shafa ƙasan bututun da yatsa, ya matse birkin gaba ya jijjiga keken, sannan ya hau ya ɗan sassauta hannu ya ga ko yana ja gefe guda, kafin a ce Allah ya sa albarka.