Matar da miji ke duka a lokacin kullen korona na 2020: ta fita ko ta zauna?

Tambaya: Malam, ƙanwata tana aure a ƙasar Faskari, mu muna Ƙanƙara. Tunda korona ta tsayar da cin kasuwa mijinta yake dukanta. Ta so yin yaji, sai aka ce mata Manzon Allah (SAW) ya hana fita daga gari lokacin annoba, kuma in ta fita ba izini ciyarwarta ta faɗi. Haka ne?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ba haka ba ne. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Buhari da Muslim, amma fitar da ya hana ita ce ta gudun annoba, kuma Imam Nawawi ya kawo ittifaƙin malamai kan halaccin fita don wata buƙata. Ƙanwarka duka take gudu. Dokar hana zirga-zirga ta shekarar 2020 don tsare rai aka kafa ta, a nan ma ran ake son tsarewa.

Batun ciyarwa kuwa, nushuzi (bijire wa miji) ne ke kayar da ita, kuma sharaɗinsa fita ba uzuri. Wadda cuta ta fitar ba nashiza ba ce, ci da tufafinta suna nan a wuyan miji.

Inda mutane ke cijewa shi ne shaida: ƙofa a rufe, kowa na gidansa, wa ya gani? Mazhabar Malikiyya ba ta ƙuntata ba. Tuhfatul Hukkam ta Ibnu Asim ta tabbatar da cutarwa ta hanyar shaidu, ko ta labarin da ya bazu tsakanin maƙwabta, kuma katangar ƙasa ba ta hana jin kuka. Muhtasar Halil ya ba matar damar neman saki ko ba a shaidi maimaituwar cutar ba. Wannan saki ne na alƙali, ba hul'i ba, don haka kada a ce ta mayar da sadaki. In babu shaida sam, alƙali ya zaunar da su cikin mutanen kirki masu sa ido, sannan a naɗa masu sulhu daga dangin kowanne, bisa aya ta 35 ta Suratun Nisa'i.

Sai dai ina jan hankalinka. Hanyoyin Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara ba aminci saboda 'yan bindiga. Kada ta kamo hanya ita kaɗai, balle da dare. Ta fake gidan liman ko mai unguwa tare da iyalinsu, a duba raunin a asibiti, ka zo da kanka ka ɗauke ta. In akwai barazana ga rayuwarta, sanar da hukuma wajibi ne.

Iyayen da ke mayar da 'ya a daren da ta zo, jikinta duk tabo, suna cewa aure ɗan haƙuri ne, su ji tsoron Allah, taimakon azzalumi suke yi. Maƙwabcin da ya ji ya yi shiru, shaida ya ɓoye. Shi kuma mijin, rashin ciniki ba uzuri ba ne. Nana A'isha (RA) ta shaida Annabi (SAW) bai taɓa dukan mace ba. Kada a karɓi bikonsa sai gaban shaidu, da sharaɗi a rubuce.

Allah ne mafi sani.