Idan Aka Zargi Babba Da Sata

A shekarar 2000 aka yanke hannun Buba Jangebe a Zamfara saboda satar saniya. Masu kore garkunan shanu da bindiga a dajin Birnin Gwari kuwa 'yan fashi ne, hukuncinsu ya fi tsanani. To, mashahurin mutum fa? Zargi dai ba hujja ba ne, sai da iƙirari ko shaidu biyu adalai, abin kuma ya kai rubu'in dinari, an ɗauke shi daga ma'ajiyarsa. Amma in laifi ya tabbata, suna ba ya ceto. Manzon Allah (SAW) ya ƙi roƙon Usama bin Zaid saboda Bamakhzumiyar da ta yi sata. Shari'ar da ke kama talaka kaɗai zalunci ce. Allah Ya kiyashe mu.