Inda Ake Cin Galabar Kwaɗayi

Likita zai gaya wa mutum cewa sukarin jininsa ya hau, ya ji, ya gamsu, har ya ɗauki alkawari, amma kafin la'asar ta yi sanyi sai ka gan shi riƙe da kwalbar lemo. Bai manta da maganar likita ba, kuma ba ƙaryata ta yake yi ba. To me ya sa mutum ke aikata abin da ya tabbata zai cutar da shi? Tambayar tsohuwa ce. Sukurat, masanin falsafar Girka, yana ganin babu mai zaɓen cutar kansa da gangan, jahilci ne kawai ke kai shi. Aristo, wanda ya zo bayansa, bai gamsu da wannan ba, don ya ga mutane da saninsu sha'awa tana rinjayar su. Alƙur'ani kuwa ya ambaci rai mai yawan umurni da mummuna a Suratu Yusuf. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, ba a lokacin da kwaɗayi ya taso ake cin galabarsa ba. Tun a kasuwa da wajen girki ake yin nasara ko a faɗi, kuma saboda haka tsarin rage abinci mai sitaci da rage yawan kalori aiki ne na hankali da tarbiyyar rai, muddin an tsaya a kan iyakarsa.

Sai mu fara da abin da ke faruwa a cikin jiki, don hukunci ba ya inganta in ba a san abin da ake hukuntawa ba. Sukari da farin burodi da farar shinkafa suna narkewa da sauri, su shiga jini a matsayin gulukos. Jiki sai ya saki sinadarin insulin don ya kwashe shi zuwa inda za a ƙona ko a ajiye. A wajen mutane da yawa, wannan hawa na gaggawa saukar gaggawa ce ke bin sa bayan awa biyu ko uku, sai kasala ta zo, sai yunwar ƙarya ta biyo, ita kuma zaƙi take nema. Ƙwaƙwalwa ma tana koyo. Tana haɗa daɗin zaƙi da wuri da lokaci da yanayin zuciya, har ya zama ganin teburin mai shayi ko ɓacin rai kaɗai ya isa ya tayar da marmarin. Saboda haka tasowar kwaɗayi ba da izinin mai shi take zuwa ba, kuma ba laifi ba ce. Malamai sun daɗe da bambance abin da ya ɗarsu a zuciya da abin da gaɓoɓi suka aikata. Wanda ke zagin kansa don ransa ya biya da alewa yana tuhumar kansa a kan abin da ba a ɗora masa ba, ya bar wanda aka ɗora masa.

Akwai kuma canjin zamani. Kakanninmu ba su ƙi zaƙi ba, amma zaƙinsu yana da lokaci kuma yana da wahala. Zuma sai an hau bishiya, rake sai an tauna, kanya da ɗinya da mangwaro sai kakarsu ta zo, mazarƙwaila kuwa ba kullum ba. Yau sukari yana cikin koko da kunu da zoɓo da fura, yana cikin shayin safe da na dare, yana cikin biskit ɗin yara. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a rana, wato kimanin giram 50 ko ƙananan cokula 12 ga baligi, ta ce kuma a sauko rabin haka ya fi. Kwalbar lemo guda ta rabin lita tana iya cinye wannan kason gaba ɗaya. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa baligai miliyan 537 ne ke ɗauke da cutar a 2021, kuma a ƙarshen waccan shekarar Najeriya ta kafa dokar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka zuba wa sukari. Jikin da aka halitta da son zaƙi a duniyar da zaƙi ke da wuya ya wayi gari a duniyar da zaƙi ya fi nama da kifi araha nesa ba kusa ba.

In haka ne, ina nauyin mutum yake? Yana can baya, a lokacin da hankalinsa ke kwance. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta shahara da ƙa'idar toshe kafar ɓarna, wato hana hanyar da aka san tana kaiwa ga cuta tun kafin a isa gare ta. Mai rage sitaci wannan ƙa'idar yake aiki da ita a kan cikinsa. Yana rage malmalar tuwo ya ƙara miyar kuka ko ta kuɓewa, yana karyawa da ƙwai ko ƙosai maimakon burodi da shayi mai cokali huɗu, yana ajiye gyaɗa inda da yake ajiye biskit, yana cika kwano da zogale ko rama kafin ya kai ga shinkafa. Irin wannan abinci yana daɗewa a ciki, sukarin jini ba ya tashi ya faɗi, kiran zaƙi sai ya yi rauni. Dabarar ba sabuwa ba ce. William Banting, wani mutumin Landan, ya wallafa labarin yadda ya rage ƙiba da barin burodi da sukari da dankali tun 1863, likita Robert Atkins ya sake yayata ta a Amurka a 1972. Sai dai babu sihiri a cikinta. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Stanford, aka wallafa a 2018, ya raba mutum 609 gida biyu, wasu suka rage sitaci, wasu suka rage maiƙo, bayan shekara guda aka tarar ragin nauyinsu kusan ɗaya ne. Dukkansu an umurce su da rage sukari da farin gari, su yawaita ganye. Darasin a fili yake: tsarin da mutum zai iya riƙewa shi ne mai amfani, kuma amfaninsa shi ne ya rage yawan lokutan da za a bar ƙarfin zuciya shi kaɗai a gaban kwaɗayi.

Sai dai wannan tsari ba zai rasa masu ƙalubalantarsa ba. Mai ƙalubale na farko zai ce wannan haramta halal ne. Zai kawo cewa an ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son zaƙi da zuma, kuma ɗaya daga cikin ruwayoyin dalilin saukar farkon Suratut Tahrim shi ne ya hana kansa shan zuma. Zai ƙara da cewa Suratul A'araf ta yi inkari ga masu haramta daɗaɗan abubuwan da Allah Ya azurta bayinSa da su. Wannan hujja gaskiya ce, kuma tana kama duk wanda ya mayar da tsarin abincinsa addini, yana kallon mai shan lemo kamar mai saɓo. Amma barin abu daban, haramta shi daban. Mai gyambon ciki da ya bar barkono bai ce barkono haram ne ba. Kuma ayar da ke gab da waccan ta Suratul A'araf ita ce ta halatta ci da sha ta kuma hana wuce iyaka. Sananniyar ruwayar nan da ta raba ciki kashi uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, ita ma iyaka ta sa wa halal. Zumar da ake lasa jefi-jefi a Madina ba ta zama hujja ga mai shan lemo kwalba uku a rana ba.

Ƙalubale na biyu ya fi nauyi: ashe yunwa ba ƙara hura wutar kwaɗayi take yi ba? Lallai tana yi. A 1944 zuwa 1945 Ancel Keys ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Minnesota inda aka rage wa samari 36 kusan rabin abincinsu tsawon mako 24. Nauyinsu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma tunaninsu ya koma kan abinci dare da rana, wasunsu suka shiga tara littattafan girki, da aka sake su kuma da yawa suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa. Muna ganin ƙaramin misalin haka duk watan azumi, inda wuni guda na ƙishirwa ke ƙarewa a kan jerin kofunan zoɓo da lemo da kunu masu sukari. To amma wannan hujja ce a kan tsanantawa, ba a kan ragewa ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin kan karya sha'awar ciki da ta farji, kuma duk da yadda ya yabi yunwa, shawararsa ga mai yawan ci ita ce ya rage a hankali: mai cin gurasa biyu da ke son komawa ɗaya ya riƙa rage ɗan gutsure kullum har wata ya cika. Rai tamkar doki ne, linzami ake sa masa a hau, ba a kashe shi da yunwa. Ragi mai tsanani yana da wurinsa, amma a hannun likita. A gwajin da Roy Taylor da Mike Lean suka jagoranta a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2017, an sa masu ciwon sukari nau'i na biyu a kan kalori kusan 850 a rana na 'yan watanni, kuma kashi 46 cikin 100 sukarinsu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara guda. Ma'aikatan lafiya ne suka riƙa bibiyar su. Mai allurar insulin ko shan maganin rage sukari, da mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai ciwon ƙoda, in suka yanke abinci da kansu suna iya jefa ransu cikin hatsari, kuma jiki yana da haƙƙi a kan mai shi kamar yadda Salmanul Farisi ya tunatar da Abud Darda'i.

Na uku zai ce wannan hira ce ta masu ƙoshi, a ƙasar da magidanta da yawa ke neman na sawa a bakin salati. Gaskiya ne ba a ce wa mai kwana da yunwa ya rage kalori, kuma talaka ba don kwaɗayi yake yawaita tuwo da garin kwaki ba, abin da aljihunsa ya iya ke nan. Amma ciwon sukari bai tsaya a gidajen attajirai ba, kuma in ya shiga gidan talaka ya fi yin ta'adi, don kuɗin magani da gwaji ba su ƙarewa, ga makanta da ciwon ƙoda da yanke ƙafa suna jira. Sashen wannan tsari da ya fi muhimmanci kuwa ba ya cin ko kwabo, rarar kuɗi ma yake kawowa: barin lemo, rage cokalin sukari, komawa ga gero da dawa da acca da wake da ganyen da ke bayan gida. Shi kuwa mai cewa ciwo da lafiya duk na Allah ne, bai yi ƙarya ba, sai dai Sayyidina Umar ma ya san haka a ranar da ya juya da mutanensa daga hanyar Sham saboda annoba, ya kuma bayyana cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take.

Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma wahalarsa mafi girma ita ce ya mayar da ɗa bawa. Saboda haka ma'aunin nasarar wannan tsari ba sikeli kaɗai ba ne. Mutumin da ya bar sukari amma ya wuni yana lissafin loma, yana tsoron zuwa biki, yana ƙyamar kansa in ya ɗanɗana cincin, har yanzu abinci ne ke mulkinsa, ya dai canza fuska ne. Wanda ya 'yantu shi ne wanda zai karɓi dabino uku ya yi buɗa-baki ya tsaya, ya ci alkakin amarya guda ya gode, ya kuma iya cewa a'a ba tare da ransa ya ɓaci ba. Za a yi tuntuɓe a hanya, kuma Allah Ya rantse da rai mai zargin kansa a Suratul Ƙiyama, abin da ke nuna cewa nadama mai mayar da mutum kan turba tana da daraja. Amfanin tuntuɓe shi ne a tambayi abin da ya jawo shi: rashin karin kumallo ne, ko rashin barci, ko katan ɗin lemon da aka ajiye a ɗaki? Amsar wannan tambaya tana hannun mutum, kuma a kanta za a tambaye shi. Wanda ya yi niyyar farawa, ya fara da abin da zai sayo gobe da abin da zai bari a shago, ya rage cokali ɗaya a wannan mako, ya nemi shawarar likita in yana da lalura, sannan ya roƙi Allah dacewa.