Ko Zunubi Ne Malami Ya Tafi Aiki Ƙasar Waje?

Kwanan baya wani ɗan'uwa ya zo wurinmu da takarda a hannu. Shekara 11 ke nan yana koyar da lissafi a wata makarantar sakandare. Ya ce wata makaranta a Ingila ta ɗauke shi aiki, yana so mu yi masa addu'a. Muka ce madalla. Amma bai tashi ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Fasto, ni kaɗai ne malamin lissafi a makarantarmu. In na tafi, na yi zunubi?"

'Yan'uwa, wannan tambaya ba tasa ba ce shi kaɗai. A watan Fabrairu na 2023 gwamnatin Ingila ta buɗe wa malaman Nijeriya da Gana da waɗansu ƙasashe ƙofa, su nemi takardar shaidar koyarwa a can, musamman malaman lissafi da kimiyya da harsuna. A shekarar 2023 ɗin kuma aka janye tallafin man fetur a ƙasarmu, darajar naira ta faɗi, albashin malami ya kasa kai shi ƙarshen wata. Ga ƙofa a buɗe, ga yunwa a gida.

Da fari dai, tafiya ba zunubi ba ce. Ibrahim ya bar ƙasarsa bisa ga umarnin Allah. Yakubu da 'ya'yansa sun gangara Masar sabili da yunwa, Allah kuwa yana tare da su. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti ƙwarai a kan mai bi wanda ba ya kula da mutanen gidansa. Saboda haka mutumin da ya nemi inda zai ciyar da 'ya'yansa da halaliyarsa, ba mu da ikon hukunta shi. Yaran Ingila ma Allah ne ya halicce su, koya musu aiki ne mai kyau.

Amma akwai tafiya, akwai tafiya. Lutu ya ɗaga ido ya ga kwarin Urdun da ruwa da ciyawa, ya zaɓa, bai tambayi halin mutanen Saduma ba. Ya lissafta riba, ya manta da hasara. Muka ce wa ɗan'uwan nan, "Malam, kai ne gwanin lissafi. In yaro ya tara bai ɗebe ba, za ka ba shi maki?" Ya yi dariya, ya ce a'a.

To, bari mu ɗebe. Fam yana da nauyi in an mai da shi naira, amma kuɗin haya da haraji da na ɗumama ɗaki da fam ake biyansu. Waɗansu sukan bar mata da yara a gida shekara da shekaru, jaraba kuwa ba ta barci. Sauran abu mafi nauyi, watau yaran da za a bari. Kowa ya sani a ƙasarmu da wuya yaro ya shiga jami'a ya karanta fannin kimiyya in bai ci lissafi da Turanci ba. Mai kuɗi ya iya ɗaukar wa ɗansa malami a gida. Ɗan manomi fa? In malami ya tafi ba magaji, an rufe wa yaron nan ƙofa, shi kuwa bai yi laifin kome ba.

Ilimin da ke kanmu amana ne. Wani ya sayar da akuya aka biya mana kuɗin makaranta. Wani malami ya haƙura da ƙaramin albashi ya koya mana sau da rabawa. Wanda aka riƙa, wajib ne shi ma ya riƙi wani. Ku tuna da Nehemiya. Yana cikin daula a fādar sarkin Farisa, amma da ya ji labarin garun Urushalima ya rushe, ya yi kuka, ya nemi izini ya koma, aka gama ginin cikin kwana 52. Jikinsa yana Shushan, zuciyarsa tana gida.

Ga abin da muka faɗa wa ɗan'uwanmu. Tafiya ba laifi, laifin shi ne sulalewa. Kada ya bar yara a tsakiyar shekara, jarrabawa tana gabansu. Ya sanar da shugaban makaranta da wuri. Ya nemi saurayi mai kan lissafi ya hore shi, in da hali ya ɗauki nauyin karatunsa a kwalejin malamai daga cikin albashin can. Ya shawarta da matarsa tun bai sa hannu ba. In ya isa, ya nemi ekklesiya tun makon fari.

Mu fa, ekklesiya? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai makarantunmu da sukan riƙe albashin malamai wata da watanni, sa'an nan mu ce musu aikin Ubangiji ne. Wanda bai biya hakkin malami ba, ba shi da bakin zarginsa ran da ya ɗaure kaya.

Mu yi addu'a domin masu tafiya da masu zama. Ubangiji shi ba mu aminci, gama akwai ranar da kowa zai ba da lissafi a gabansa.