EH KO A'A: SHIN WANDA YA SAƁA MAKA MACI AMANA NE?

 

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, tun daga ranar 28 ga watan Janairu na shekarar 2024, da gwamnatocin Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da sanarwar ficewa daga ƙungiyar CEDEAO, gardama ta sami wurin zama a majalisunmu, daga bakin rijiyoyin Azagor har rumfunan kasuwar Dakwaro. Wani ya ce ƙungiyar da ta rufe mana iyaka a shekarar 2023, har abinci da magani suka yi wuya, ba ta cancanci a ci gaba da zama cikinta ba. Wani kuma ya ce makiyayin da ke kora dabbobi kudu da rani, da ɗan kasuwar da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina, su ne za su ji jiki in maƙwabtaka ta ɓaci. Ficewar ta tabbata a watan Janairun 2025, ba tare da an jefa ƙuri'a a kanta ba. Saɓani kansa ba abin tsoro ba ne, domin harshe da haƙori ma sukan saɓa. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne sunayen da ake jifan juna da su, a ce wannan maci amanar ƙasa ne, wancan kuwa jahili ne ɗan amshin Shata. Shin ya halatta mu kira mutum maci amana don ya auna maslahar ƙasa da ma'aunin da ba namu ba?

Iyayenmu da kakanninmu sun riga mu shiga wannan jarrabawa. A shekarar 1958 Janar Dagol ya karɓi mulkin Faransa, ya kawo sabon tsarin mulki, ya ce a yi ƙuri'ar raba gardama a kansa ranar 28 ga watan Satumba, har da ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka. Ƙasar da ta ce Eh za ta zauna cikin tarayya da Faransa, ta riƙe al'amuranta na cikin gida, amma soja da kuɗi da hulɗa da ƙasashen waje su tsaya a hannun tarayyar. Ƙasar da ta ce A'a za ta sami 'yancin kai nan take, Faransa kuma ta janye taimakonta.

Jibo Bakari, shugaban gwamnatin Nijar a lokacin kuma jagoran jam'iyyar Sawaba mai alamar raƙumi, ya ce a jefa A'a. Jori Hamani da Bubu Hama na jam'iyyar RDA mai alamar giwa suka ce a jefa Eh, sarakuna da yawa kuma suka goyi bayan Eh. Kowane ɓangare yana da hujjar da mai hankali zai saurara. Masu A'a suna ganin mutunci ba a sayar da shi da taimako, kuma 'yancin da aka jinkirta yana iya zama 'yancin da aka hana. Masu Eh suna duban ƙasar da ba ta da bakin teku, masu ilmin boko a cikinta ƙalilan ne, baitulmalinta kuwa ya dogara ga gyaɗar da Faransa ke saye.

Gaskiya ce wajibi a faɗe ta: ba a riƙe sikeli daidai ba. Ana dab da ƙuri'a Faransa ta kawo sabon gwamna mai suna Kolombani, hukuma ta ɗora nauyinta duka a kan Eh, aka matsa wa sarakuna da talakawa lamba. Da aka ƙidaya, Eh ta sami kimanin kashi 78 cikin ɗari, amma waɗanda suka fito jefawa ba su kai huɗu cikin goma na masu rajista ba. Ƙasar Gini ta Seku Ture ce kaɗai ta ce A'a, ta sami 'yanci ranar 2 ga watan Oktoba, Faransa kuwa ta kwashe ma'aikatanta ta bar ta.

To, ka lura da abin da ya biyo baya. Gwamnatin Jibo ta faɗi cikin 'yan makonni. A shekarar 1959 aka haramta Sawaba, aka ɗaure wasu magoya bayanta, wasu suka yi gudun hijira. Ranar 3 ga watan Agusta 1960 Nijar ta sami 'yancin kai a hannun Jori, wanda ya ce Eh. Wato tambayar da aka yi rigima a kanta wata 22 kawai ta yi a duniya. Gabar da ta haifa kuwa ta daɗe. A shekarar 1964 mayaƙan Sawaba suka shigo ƙasa da makamai, aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a. A watan Afrilun 1965 aka jefa wa Jori gurneti a wurin sallar Idi ta Babbar Salla a Yamai, Allah Ya kuɓutar da shi. Jori da Jibo kuwa 'yan'uwa ne na jini, haihuwar ƙauye guda, wato Sudure da ke kusa da Yamai. A ƙarshe mulkin soja na Saini Kunce ya tsare su duka biyun, Jori daga 1974, Jibo daga 1975. Sunanta ƙuri'ar raba gardama, amma jama'a ta raba, ta bar gardamar a inda take.

Wani zai ce ai gaskiya ɗaya ce, kuma yawan kawuna ba ya mai da ƙarya gaskiya. Haka ne. Ba a jefa ƙuri'a a kan halal da haram. Amma shiga wata tarayya ta ƙasashe ko fita daga cikinta ba ya cikin wannan babi. Al'amari ne na auna amfani da cuta, kuma sakamakonsa yana cikin gaibu a ranar da ake yanke shi. Babu wanda ya tsaya a layin ƙuri'a a 1958 da ya san abin da 1960 za ta kawo. Mutum biyu masu tsoron Allah, masu son ƙasarsu, suna iya duban abu guda, ɗaya ya hango rami a dama, ɗaya ya hango shi a hagu. Cin amana aiki ne na wanda ya san gaskiya ya sayar da ita. Wanda ya yi iyakar tunaninsa ya kuskure, mai kuskure ne, kuma zuciyarsa Allah kaɗai Ya san abin da ke cikinta.

A cikin tarihin Manzon Allah (S.A.W.) akwai darasi a kan wannan. A shekara ta 3 bayan Hijira, da rundunar Kuraishawa ta doso Madina, ya shawarci sahabbansa: a tsaya cikin gari ko a fita a tare su? Ra'ayinsa shi ne a tsaya. Amma da yawa, musamman waɗanda ba su halarci Badar ba, suka matsa a fita, sai ya bi ra'ayinsu, ya sa sulkensa. Abdullahi ɗan Ubayyu shi ma ra'ayinsa a tsaya ne. Da ba a bi nasa ba, sai ya janye a hanya da mutum wajen 300, kusan sulusin rundunar. Ka ga, a kan ainihin tambayar ra'ayinsa ya dace da na Annabi, amma abin da ya aikata bayan an yanke shawara shi ya tona asirinsa. A Uhudu Musulmi wajen 70 suka yi shahada, har da Sayyidina Hamza. Duk da haka Annabi bai juya ga waɗanda suka ce a fita yana yi musu gori ba. Ayar da ta sauka cikin Suratu Ali Imrana game da wannan yaƙi ma umurni ta yi masa da ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya ci gaba da shawartarsu.

Daga nan za mu gane cewa nauyi uku ne. Wanda ya riƙe sikeli, wato hukuma, wajibi ne ya riƙe shi da adalci, ya bar kowa ya faɗi ra'ayinsa ba tare da tsoro ba, domin mutum yakan haƙura da kaye, amma da wuya ya haƙura da maguɗi. Wanda ya yi rinjaye kada ya ɗauka ƙasa ta zama ganimarsa, domin rufe bakin Sawaba a 1959 bai kawo zaman lafiya ba, ƙarƙashin ƙasa ya tura wutar. Wanda aka rinjaya kuma, ko da an zalunce shi, yana da haƙƙin ya yi ta faɗin gaskiyarsa, amma zaluncin da aka yi masa ba ya halatta masa jinin mai noma a gonarsa ko mai salla a sahu.

Kada kuma mu zaci wannan ciwo na jahilci ne ko na talauci. A Birtaniya, ranar 23 ga watan Yuni 2016, kashi 52 suka zaɓi fita daga Tarayyar Turai, kashi 48 suka zaɓi zama. Mako guda kafin ranar, aka kashe wata 'yar majalisa mai goyon bayan zama, Jo Cox, a kan titi. Sai a watan Janairun 2020 aka kammala fitar, bayan shekaru ana ta rikici a majalisa da cikin gidaje.

Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin tsadar gaba. A nan Bahaushe manomi da Bafillace da Buzu rijiya guda suke ja, kuma wanda ka zaga da safe a kan CEDEAO shi ne zai kama maka igiya da yamma, shi ne zai ɗauki makararka in ta Allah ta kasance. Ƙungiyoyin ƙasashe ana shiga ana fita, kamar yadda tarayyar Dagol ta zo ta wuce. Maƙwabci kuwa yana nan, haƙƙinsa yana wuyanka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka, ɗan'uwa, ka riƙe ra'ayinka, ka kare shi da hujja iyakar ƙarfinka, amma ka tsare harshenka daga kiran ɗan'uwanka maci amana a kan abin da ba ka da shaida.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda suka ce Eh da waɗanda suka ce A'a, Ya yafe musu kurakuransu. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya haɗa kanmu a kan alheri, Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya. Amin.