ƊALIBI MUSULMI DA TSORON DARASIN ƘIDIDDIGA

Muna farawa da sunan Allah wanda ya san adadin ɗigon ruwan sama da na ganyen itatuwa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi sawunsu har zuwa ranar sakamako. 

Bayan haka, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan karon shi ne wata magana da muka ji daga bakin wata ɗalibarmu a nan Wheaton, cikin jihar Maryland, arewa kaɗan da birnin Washington, inda wasu daga cikin iyalanmu suka yada zango. Yarinya ce mai ƙoƙari, ta haddace izu goma, idan aka ba ta jumla ta yi i'irabi ba ta ko numfasawa. Tun tana ƙarama burinta aikin jinya. Bayan an tashi daga darasin Larabci sai ta tsaya ta ce mana, "Malam, na fasa." Muka tambaye ta dalili, ta ce an gaya mata ba a samun digirin jinya sai an ci darasin ƙididdiga, ita kuwa da ta buɗe littafin ta ga alamomi da jadawali sai gabanta ya faɗi, hannunta ya yi gumi. Ba ta taɓa zama ajin ba ko sau ɗaya. Subhanallahi! An kayar da ita tun ba a shiga fage ba.

Kada ku ce ita kaɗai ce. Mun ji irin wannan daga samari masu shirin jarrabawar AP ta ƙididdiga, wadda aka fara yi a Amurka a 1997 kuma ake zama a watan Mayu, mun ji daga waɗanda suka shiga Kwalejin Montgomery, kuma mun san halin da 'yan'uwanmu na Nima da Mamobi da Aboabo suke shiga idan jarrabawar WASSCE ta matso, aka zo ɓangaren ƙididdiga a takardar lissafi. Su kansu Turawa sun daɗe da lura da wannan ciwo. A 1985 wasu masana uku, Cruise da Cash da Bolton, suka tsara tambayoyi 51 don auna wannan fargaba, suka kasa ta gida shida. A ciki akwai tsoron jarrabawa da zaman aji, akwai ganin cewa darasin ba shi da amfani, akwai mutum ya yanke wa kansa hukunci cewa kansa ba ya ɗaukar lissafi. Amma biyu daga ciki su suka fi tsaya mana a rai: tsoron malamin darasin, da tsoron neman taimako.

To jama'a, wannan na ƙarshe ai addininmu ya riga ya yi maganinsa. A cikin Suratun Nahli, aya ta 43, an umurci wanda bai sani ba ya tambayi masu sani. Uwar Muminai A'isha (RA) ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba, har abin da ya shafi wanka da jini suna tambaya. Imam Bukhari kuma ya kawo daga Mujahid cewa mutum biyu ba sa samun ilimi, mai jin kunya da mai girman kai. Mu a zango an tashe mu da cewa yaro ba ya ɗaga murya gaban malami, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau, amma wasunmu sun haɗa ladabi da yin shiru a kan jahilci. Ɗalibi ya zauna a bayan aji, malami ya ce akwai mai tambaya, ya sunkuyar da kai don kada a ji harshensa a yi masa dariya. Mako ya bi mako, abin da bai gane ba ya taru ya yi tsibi, sai daren jarrabawa ya tashi yana ta addu'a. Addu'a makamin mumini ce, amma wanda ya koya mana ita shi ne kuma ya ce wa balaraben ƙauye ya ɗaure raƙumarsa tukuna sannan ya dogara ga Allah.

Ku lura da yadda tsoron yake cin mutum. Zuciya ba ta iya riƙe abu da yawa a lokaci ɗaya. Idan rabinta ya tafi wajen tunanin faɗuwa da abin da za a ce a gida, ragowar ba ta isa ta riƙe lambobin da ke gabanka, sai ka yi kuskure a abin da ka sani, sai ka ce ai dama na faɗa. Gobe kuma ka ƙara nisantar littafin. Haka Shaiɗan yake yi da mai waswasi a alwala.

Sai kuma maganar da ta fi damun mu, don tana sanye da rigar addini. Wani saurayi ya ce mana ƙididdiga ilimin Nasara ne, kuma lissafin yiwuwar aukuwar abu shisshigi ne cikin gaibu, ɗan'uwan duba ne. Wannan kuskure ne, kuma ya kamata a gyara shi da hujja.

Ya zo a cikin Sahihul Bukhari daga Huzaifa (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya sa a rubuta masa mutanen da suka furta Musulunci, aka rubuta maza 1,500. A ruwayar Muslim adadin tsakanin 600 ne da 700. Malaman hadisi ba su tsorata da wannan saɓani ba, sai suka zauna suna tambaya: su wa aka ƙirga, mayaƙa kaɗai ko har da wasu, kuma a wane lokaci? Wallahi wannan ita ce tambayar farko da ake koya wa ɗalibin ƙididdiga a yau. Sayyidina Umar (RA) ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mutane ƙabila ƙabila don a san rabon kowa daga baitulmali. Annabi (SAW) ya kasance yana aika Abdullahi ɗan Rawaha (RA) zuwa Haibara ya kintaci yawan dabinon da za a samu tun yana bisa itace, a kan wannan kintace ake yin rabo. Ashe Ibn Rawaha ya yi da'awar sanin gaibu ke nan? A'a, ya duba abin da ke fili ne ya ƙiyasta da gwaninta. Boka yana cewa ya san gobe ta hanyar aljani ko taurari. Mai ƙididdiga yana cewa bisa ga abin da aka auna, abu kaza ya fi kusa da faruwa, har ma ya gaya maka iyakar kuskuren da zai iya yi. Ka taɓa ganin bokan da ya faɗi iyakar kuskurensa?

Ku tuna kuma da hadisin da Muslim ya ruwaito, ranar da Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa cikin tsibin, yatsunsa suka taɓo danshi, busasshen yana sama, jiƙaƙƙen yana ƙasa, ya tsawata masa a kan algus. Babin ɗaukar samfur gaba ɗaya yana cikin wannan. Ba ka iya duba kowace ƙwaya ta cikin buhu, dole ka ɗebi kaɗan, amma idan daga sama kawai ka ɗiba za a cuce ka. Iyayenmu mata masu sayen masara a kasuwa sun san haka ba tare da sun shiga aji ba.

Da yake Larabci muke koyarwa, ku yi mana haƙuri mu ɗan daɗe a nan. Halilu ɗan Ahmad, malamin Sibawaihi, wanda ya rayu a Basra a ƙarni na 2 na Hijira, da ya tashi tattara kalmomin Larabci a Kitabul Aini sai ya bi hanyar lissafi don kada wata kalma ta kuɓuce masa. Ya gano cewa harafi biyu ana jera su hanya 2, harafi uku hanya 6, huɗu hanya 24, biyar hanya 120. Ɗauki ainun da lamun da mimun: ka jera su haka ka sami asalin kalmar ilimi, ka juya ka sami amal, wato aiki, ka sake juyawa ka sami lama'a, wato ya haskaka. Sai ya ware waɗanda Larabawa suke amfani da su da waɗanda suka bari. Wannan shi ne babin jere-jeren da ke sa ɗalibanmu zufa a yau, malamin nahawu ne ya yi aiki da shi fiye da shekara 1,200 da suka wuce. Bayansa Al-Kindi a Bagadaza, a ƙarni na 3, ya rubuta risala a kan warware rubutun asiri: ka ƙirga sau nawa kowane harafi yake fitowa a Larabci, za ka ga alif da lam su ne a gaba, sai ka ƙirga alamomin rubutun asirin, wadda ta fi yawa mai yiwuwa alif ce. Masu tarihin wannan fanni suna lissafa shi cikin na farkon da suka ciro hukunci daga ƙirge. Al-Khawarizmi kuwa, wanda daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabra, babban kaso na littafin a kan gado da wasiyya yake.

Gado kuwa ai kun sani. Allah Maɗaukakin Sarki da kansa ya yanka rabo a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12 da 176, rabi da rubu'i da sumuni, sulusi biyu da sulusi da sudusi. Malaman fara'ili sun ambaci mas'alar da ta zo wa Umar (RA): mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu. Miji yana da rabi, 3 cikin 6, su kuma suna da sulusi biyu, 4 cikin 6. An haɗa an sami 7, dukiya kuwa kashi 6 ce. Bayan shawara da sahabbai sai aka mayar da asalin 7, ragin ya hau kan kowa daidai rabonsa. Duk wanda ya kai babin fara'ili a Risala a makarantar zaure ya yi lissafin da ya fi na makon farko na ajin ƙididdiga wuya. Sau nawa aka ga zumunci ya tsinke a zangunanmu a kan gida ɗaya, saboda ba a sami mai raba shi da ilimi ba?

Ga kuma caca, wadda Suratul Ma'ida aya ta 90 ta haramta. Haramcin ya ishi mumini, amma saurayin da ya san lissafi ba a ma ja masa rai. A loto na gida ana zaro lamba 5 cikin 90. Wanda ya zaɓi lamba biyu yana cewa tabbas ne, damar su fito tare ita ce 5 cikin 90 sau 4 cikin 89, wato kusan 1 cikin 400. Duk allon da masu hasashen lamba suke cikawa da alli a bakin titi bai canza wannan ko da ƙwayar zarra ba, don ƙwallayen ba su tuna abin da ya fito makon jiya. A nan Amurka, damar cin babbar kyautar Powerball 1 ce cikin 292,201,338, amma sai ka ga ɗan'uwa ya sauko daga aikin dare ya tsaya a layin tikiti. Allah ya kyauta.

Kuma mu dubi al'umma. Ƙidayar Ghana ta 2000 ta ce Musulmi kashi 15.9 ne cikin ɗari, ƙungiyoyin Musulmi suka ƙi yarda, suka ce an rage mu. Ta 2010 ta ce 17.6, ta 2021 ta ce 19.9 cikin mutum miliyan 30.8. Ko an rage mu ko ba a rage ba, ihu a bakin masallaci ba ya gyara alƙaluma. Da waɗannan alƙaluman ake tsara makaranta da asibiti da famfo. Wanda zai iya zama ya karanta yadda aka yi ƙirgen, ya nuna inda aka tsallake, shi ake saurara. Mutum nawa muka tanada? A Amurka ma ƙidaya ba ta tambayar addini, shi ya sa adadin Musulmi miliyan 3.45 da cibiyar Pew ta bayar na shekarar 2017 kintace ne da aka gina a kan samfur. Hedikwatar ƙidayar ƙasar tana Suitland, cibiyar binciken lafiya ta NIH tana Bethesda, hukumar kula da magunguna ta FDA tana White Oak, duk a cikin jihar nan ta Maryland, kuma babu maganin da zai shiga kasuwa sai an auna gwajinsa da ƙididdiga. Muna ganin idan al'umma gaba ɗaya ta rasa masu wannan ilimi, to ta bar wani abu daga farillan da wasu suke ɗauke wa wasu.

Ita ɗalibar tamu, abin da muka yi da ita ƙarami ne. Mun ce ta ɗauki darasin kamar hadda: kaɗan kullum bayan Asuba, da tilawar na jiya, kada ta tara. Alamomin da ke tsorata ta yawancinsu haruffan Girkanci ne, wadda ta koyi baƙaƙe 28 da siffofinsu na farko da tsakiya da ƙarshe ba za ta kasa koyon biyar ko shida ba. Mun haɗa ta da 'yan'uwanta mata biyu, suna zama ranar Asabar a ɗakin karatun Wheaton da ke kan titin Georgia, da sharaɗin kowace ta shiga aji da tambaya ɗaya a rubuce, ta kuma yi ta ko muryarta na rawa. Ta yi rajista. Har yanzu tana cewa gabanta yana faɗuwa, amma tana zuwa.

Ga aikin gida ga masu karatu kafin fitowa ta gaba. Mace ta rasu ta bar miji, da uwa, da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, ba ta da ɗa ba ta da uba. Bayan an biya bashi da wasiyya, sidi 24,000 suka rage. Nawa kowa zai samu? Wanda ya warware ya kai wa malamin unguwarsu ya duba masa, wanda ya kasa shi ma ya je ya tambaya.