Wane Ne D-ABYA?

A 1970 kamfanin Lufthansa na Jamus ya karɓi Boeing 747 ɗinsa na farko, aka rubuta masa D-ABYA a jiki. A 2012 kamfanin ya karɓi sabon samfuri, 747-8, shi ma aka rubuta masa D-ABYA. Shekara arba'in da biyu ke tsakaninsu, kuma babu mai hankalin da zai ce jirgi ɗaya ne. Kwamfuta kuwa za ta faɗa, muddin wanda ya gina mata rumbun bayanai ya ɗauki lambar rajista a matsayin jirgin kansa.

Wannan tuntuɓe ya saba kama masu sha'awar bibiyar jiragen sama. Mutum ya kafa 'yar eriya a kan rufi, ya jona ta da Raspberry Pi, kwamfutar da ba ta wuce tafin hannu ba, yana tsintar saƙon ADS-B da jirage ke watsawa a kan mita 1090 megahaz. Saƙon ba ya zuwa da hoto ko tarihi. Abin da ke bambanta jirgi a cikinsa shi ne adireshi mai alamomi shida. Rumbu ne ke cewa ga mai wannan adireshi. Ran da mutumin ya latsa jirgin da ke wucewa bisa kansa ya ga hoton wanda ya bar aiki tun tuni, sai ya zauna sake tsari, yana zaton aikin yamma ɗaya ne. Bai san ya taɓo tambayar da ta girmi jirgin sama da shekaru dubbai ba: me ke sa abu ya zama shi ne, jiya da yau?

Suna dai ba ya iyawa. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ce jirgi ɗan ƙasar da aka yi masa rajista ne, ba ya riƙe rajistar ƙasa biyu a lokaci guda, amma yana iya sauya sheƙa. Na Najeriya suna farawa da 5N, na Nijar 5U, na Ghana 9G, na Amurka N. Da yawa daga cikin manyan jiragen da suka kwashi alhazai daga Kano sun yi shekaru suna shawagi a wasu nahiyoyi da wata lamba da wani fenti kafin su sami 5N. Adireshin nan mai alamomi shida ma ƙasar rajista ke ba da shi, don haka shi ma yana tafiya da ita. Sunan kira ya fi su duka rauni. Ranar 9 ga Agusta 1974 shugaban Amurka Richard Nixon ya tashi daga Washington cikin Air Force One, sunan da ake kiran jirgi da shi muddin shugaban ƙasa na ciki. Yana sama aka rantsar da Gerald Ford a madadinsa, sai matuƙin ya nemi a koma kiran jirgin SAM 27000. Ba a taɓa ko kujera ɗaya ba.

To, a koma ga gangar jiki. Kowane jirgi yana da lambar da masana'anta ta buga masa a wani ɗan faranti na ƙarfe, kuma nan ne masu gina rumbu suka fi samun natsuwa. Sai dai jiki ma ba ya zama. Ana kwance inji a ɗaura wani, wani lokaci ma na haya ne. Ana sauya ƙafafun sauka, da tagogi, da na'urorin gaban matuƙi. A Oshkosh da ke Amurka, kamfanin Basler yana ɗaukar tsohon DC-3 na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ƙara masa tsawo, ya sa masa injuna na zamani, ya fito da shi da sunan BT-67. A Ingila akwai jiragen Spitfire da ke tashi yau waɗanda abin da ya rage musu na asali kaɗan ne ƙwarai bayan farantin lambar.

Matsalar ba sabuwa ba ce: tun a tsohuwar Girka Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus, wanda mutanen Atina suka riƙa cire masa ruɓaɓɓen katako suna sa sabo, har masana suka rabu biyu a kansa. Daga baya Thomas Hobbes ya ƙara wa miyar gishiri: in wani ya tattara tsofaffin katakon ya harhaɗa, wanne ne na gaskiya?

Musulmi yana da misalin da ya fi wannan kusa da zuciyarsa. Ƙuraishawa sun sake gina Ka'aba kafin aiko Manzon Allah (SAW). Abdullahi ɗan Zubairu ya sake, Hajjaju ya sauya wani sashe, Sarkin Daular Usmaniyya Murad na huɗu ya sake bayan ambaliyar 1630. Ba a taɓa jin wanda ya yi shakkar alƙiblarsa saboda an canja duwatsu ba, domin malaman fiƙihu sun rataya ta ga gurbin Ɗakin. Amma jirgin sama ba shi da gurbi. Yau yana Jidda, gobe yana Yamai. Dole a nemi wata igiyar.

Igiyar da ma'aikatan jirage suke riƙo da ita a aikace ita ce rubutu marar yankewa. Kowace sa'a da jirgi ya yi a sama, kowane gyara, kowane kayan da aka cire da wanda aka maye, akwai makanikin da ya sa hannu da kwanan wata. Kayan gyaran da ba shi da takarda ba a ɗaura shi, ko da sabo ne fil. Ɗalibin hadisi zai gane wannan nan take: isnadi ne. Ba a karɓar matani don kyansa, sai an san wa ya karɓa daga wa. Mai wannan rubutu yana ganin nan amsar take, kuma tana da nauyi, domin tana nufin kasancewar jirgi shi ne shi ta dogara ga amanar mutane, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda yawancinsu ba su taɓa haɗuwa ba. In ɗaya ya yi ƙarya a tsakiya, ƙarfen yana nan yadda yake, amma an daina sanin ko wane ne.

Shi ya sa rumbu mai kyau yake ba kowane jirgi wata lamba ta cikin gida wadda ba ta nufin komai, ba ƙasa ba, ba kamfani ba. Sauran duka, rajista da adireshi da fenti da mai shi, sai a jera su gefe a matsayin sifofi masu zuwa su tafi, kowace da ranar farawa da ranar ƙarewa, da gurbin rubuta wanda aka ji daga bakinsa. Spitfire ɗin da aka gina a kan faranti a rubuta masa haka ƙarara, mai dubawa ya yi nasa hukuncin.

A irin wannan tsari D-ABYA yana fitowa sau biyu, a ƙarƙashin jirage biyu. Layin 1970 an cike masa ranar ƙarewa. Na 2012 an rubuta ranar farawa, an bar ɗayan gurbin fari.